Fiyanon tsaye da matsalar maimaita bugu: ina saurin yake ɓuya?

Duk wanda ya daɗe yana kaɗa fiyanon tsaye ya san wannan takaicin. Kana tsaka da kiɗa, ka iso wurin da ake buga sauti ɗaya a jere da sauri, na farko ya fita, na biyu ya fita, na uku kuwa shiru kake ji. Madanni ya nutse har ƙasa, amma yatsa ya ji kamar iska ya danna. Wasu sai su ɗora wa yatsunsu laifi, su ƙara awannin atisaye. Wasu su kira mai saita sauti ya zo ya ɗaure tsirkiyoyi, ya gama ya tafi, matsala tana nan daram. Ba abin mamaki ba ne, don ɗaurin tsirkiya daban, injin da ke tsakanin yatsa da tsirkiya daban, kuma a cikin injin nan ne ciwon yake.

Fiyano yana da madannai 88, kowanne da nasa ɗan inji na katako da ulu da fata da waya. Cire murfin gaba, ka danna madanni guda a hankali, ka zuba ido. Madannin kamar sandar sikeli yake a kan wani fil da ke tsakiyarsa: gaba ya yi ƙasa, baya ya yi sama. A can bayan akwai wani sukuru da ake kira kafstan, shi ke ɗaga wani katako da zan riƙa kira gadon jak. A kan gadon ne jak yake tsaye, ɗan siririn sanda mai ƙafa ɗaya da ta fito gefe, kansa kuma yana ƙarƙashin gindin guduma, wurin da aka lulluɓe da fata. Jak ya tunkuɗa gindin, guduma ta nufi tsirkiya. Saura kimanin milimita 3 ta isa, sai ƙafar jak ta ci karo da wani maɓalli da aka kafa mata a hanya, jak ya kauce daga ƙarƙashin gindin, guduma ta ƙarasa tafiyar ita kaɗai da ƙarfin da ta ɗebo. Wannan kaucewar ita ce saki. Ba don ita ba, da guduma ta manne wa tsirkiya ta shaƙe sautin da ita kanta ta haifar. Bayan bugun sai ta yo baya, wani matari mai fuskar ulu da ke tsaye a kan gadon jak ya cafke wutsiyar gindinta, ya riƙe ta har sai an ɗaga yatsa.

To, a nan gizo ke saƙar. Jak ya kauce, kuma ba a sake bugu sai ya koma ƙarƙashin gindin guduma. Idan ka sake dannawa bai koma ba, gado zai tashi, jak ma zai tashi, amma gefen gindin kawai zai goga ya wuce. Shirun da ka ji ke nan. Mutane suna zaton saurin fiyano a tafiyar guduma yake. A dawowa yake. Duk maganar maimaita bugu tambaya ɗaya ce tak: yaya za a yi jak ya koma mazauninsa da wuri?

Abin da na kwance yake da shi, na tsaye bai da shi

Tambayar tsohuwa ce. Tun fiyanon da Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Filorens ta Italiya wajen shekarar 1700 akwai saki a cikinsa, don haka tun lokacin akwai jiran jak. Babbar mafita ta zo ne daga Sébastien Érard na Faransa, wanda aka yi wa ƙirarsa rajista a Landan a 1821. A fiyanon kwance, wato babban nan da tsirkiyoyinsa suke a shimfiɗe, guduma a kwance take, sama take bugawa, nauyinta ke dawo da ita. Érard ya ƙara wani hannu mai sifirin wanda ke tallafe guduma a sama da zarar madanni ya fara tasowa, ya buɗe wa jak ƙofa. Shi ya sa a na kwance madanni ya taso kimanin sulusin zurfinsa kawai, an shirya wani bugun.

Na tsaye kuwa gudumarsa a tsaye take, gaba take bugawa, nauyinta bai cika taimaka mata wajen dawowa ba. Sai aka sa mata sifirin mai tura ta baya, da wata 'yar igiya mai haɗa gindinta da gadon jak, wadda makanikai ke kira linzami. Tsarin linzamin nan daga Robert Wornum na Landan ya samo asali, ya yi masa rajista a 1842, kuma har yau jikokin ƙirarsa ne a cikin yawancin fiyanon tsaye. Babu hannun Érard a ciki. Babu mai tallafe guduma. Saboda haka madanni sai ya taso kusan duka kafin jak ya sami hanya. Alƙaluman da masu ƙera fiyano suka saba faɗi su ne bugu kusan 14 a daƙiƙa ɗaya ga na kwance, kusan 7 ga na tsaye. Makanikin da ya ce maka da sukurudireba zai cike wannan giɓin, ka bi shi da ido kawai. Sai dai fa yawancin fiyanon tsaye da ake kuka da su ko bakwai ɗin ba sa kaiwa, kuma tazarar da ke tsakanin abin da fiyano ke yi da abin da ƙirarsa za ta iya, wannan kam ana ƙwato ta.

Ga abin da ke faruwa a ɗan lokacin da yatsa ya ɗaga, kuma in an gane shi sauran duk bayani ne. Abubuwa biyu ne ke tseren komawa gida. Gado da jak suna faɗowa ƙasa, guduma tana komawa baya, gindinta yana saukowa a bayan kan jak. Idan gado ya riga guduma, rata ta buɗe tsakaninsu, ɗan sifirin da ke ƙarƙashin ƙafar jak ya cusa shi ciki tun guduma tana hanya. Idan kuwa guduma ta biyo jak ƙafa da ƙafa, ratar ba za ta buɗe ba sai komai ya zauna. Abin da ake nema ke nan: madanni da gado masu zafin komawa, jak mai kuzari, da guduma mai ɗan nawa kaɗan. Wannan na ƙarshen shi ke rikita masu koyo. Mutum ya ga fiyano ba ya sauri, sai ya lanƙwasa sifirin ɗin guduma ya ƙara masa ƙarfi, da tunanin idan ta dawo da wuri an yi nasara. Sai ya wayi gari ya ƙara toshe wa jak hanya, ga madanni ya ƙara nauyi.

Kafin a taɓa kowane sukuru

Ra'ayina shi ne mafi yawan fiyanon da ba sa maimaita bugu ba saiti ne farkon ciwonsu ba, cijewa ce. Kowace gaɓa a injin nan tana juyawa ne a kan wani siririn fil mai kaurin kimanin milimita 1.3, wanda ke zaune cikin bushin ulu, wato ɗan zoben ulun da aka shimfiɗa a cikin ramin gaɓar. Ulu yana shan danshi ya kumbura, katako ma haka. Shi ya sa fiyanon da ke gudu a lokacin bushewar iska yake koma kamar mai ciwon gwiwa idan laima ta yi yawa, kuma shi ya sa ake son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A wasu tsofaffin fiyano kuma za ka tarar da wani koren datti mai danƙo ya taru a jikin fil, ya riƙe gaɓar gam.

Ana auna cijewa, ba a cankarta. A taka fedar dama don a ɗauke makasan amo, wato ulun da ke danne tsirkiyoyi su yi shiru, daga lissafi, a ɗora ƙananan ma'aunai a bakin madanni har ya fara sauka a hankali. Yawanci wajen giram 50 ake so. Sannan a ga nauyin da madannin zai iya ɗagawa idan yana tasowa. Idan bai kai giram 20 ba, babu saitin da zai sa ya yi sauri. Rabin bambancin da ke tsakanin alƙaluman biyu shi ne cijewar. Madannin da ke sauka a 52 ya taso da 26 yana da cijewar giram 13, kuma lafiya lau yake. Wanda ke sauka a 60 ya taso da 14 yana da 23, wato ƙarfinsa a hanya yake ƙarewa.

Daga nan sai a bi sawu. A ɗaga bakin madanni kaɗan a saki, ya kamata ya faɗi da kansa. In ya tsaya a sama, ramin tsakiya ya matse. A kaɗa shi hagu da dama, ya kamata a ji ɗan motsi ƙanƙani a bushin gaba. In babu, a matse ulun da filayar da aka yi don wannan aikin, a goge fil ya yi santsi. Guduma kuma a cire ta tare da maƙalinta, wato ɗan katakon da ke ɗaure ta a jikin inji, a riƙe maƙalin, a ɗaga ta a saki a ƙirga lilonta: huɗu zuwa bakwai daidai, biyu ta yi tsauri, fiye da goma ta yi sako-sako har za ta riƙa karkata. Gaɓar jak ta fi kowace buƙatar sakewa, don sifirinta ɗan mitsitsi ne, ba shi da ƙarfin yin kokawa da kumburarren ulu. Maganin da ke ɗorewa shi ne a cire fil, a gyara bushin, a sa sabo daidai da shi. Amma don Allah kada a fesa man inji. Ranar farko zai yi kamar an yi sihiri, bayan 'yan watanni ya tara ƙura ya daskare, kuma ulun da ya sha mai ba ya komawa yadda yake. Busasshen gari ake sawa, girafait a kan jak ko garin teflon a jikin fata.

A duba fatar gindin guduma ma. Shekaru suna sa kan jak ya tona mata rami, kuma jak mai dawowa yakan yi tuntuɓe a bakin ramin. Wannan sai canji.

Saitin kansa

Wahalar saitin fiyano ita ce babu sukurun da ke zaman kansa. Ka taɓa ɗaya, uku sun motsa. Don haka ake bin tsari. A fara ɗaure duk sukurorin maƙalai, a daidaita kowace guduma da tsirkiyoyinta, a jera madannai su yi tsayi ɗaya. Sannan a auna nisan bugu, wato daga kan guduma tana hutawa zuwa tsirkiya, wanda a yawancin fiyanon tsaye yake tsakanin milimita 45 da 47. A tsohon fiyano nisan nan yakan ƙaru ba a sani ba, don kan guduma ya cinye, ulun da take jingina a kai ya lotse.

Sai batun tafiyar banza, wato ɗan motsin da madanni ke yi kafin jak ya taɓa gindin guduma. Da kafstan ake rage ta ko a ƙara. Hankali zai ce a kashe ta gaba ɗaya, tunda banza ce. Kuskure ne. Idan jak ya tokare gindin har guduma ta tashi daga majingininta, to bayan bugu ba zai sami ƙofar komawa ba, musamman idan an saki madanni a hankali. Ana barin rata kamar kaurin takarda. Gwajin mai sauƙi ne: danna madanni har ƙasa, ka sake shi sannu sannu, ka ga jak ya shige ƙarƙashin gindin ba gardama. Ko ka ja majinginin gudumomi baya kaɗan, ka ga duk sun biyo shi da ɗan motsi iri ɗaya. In kuma ratar ta yi yawa, an ci wani ɓangare na tafiyar madanni a banza, yatsa yana jin fanko a sama, ƙarfi ya ragu. Akwai wata dabara da nake so a nan: fedar hagu ta fiyanon tsaye tana tura gudumomi kusa da tsirkiya ne, ta buɗe rata a saman jak. Idan ka ɗan taka ta kaɗan sai maimaitawar ta gyaru, fiyanon ya gaya maka da bakinsa cewa jak ba ya samun wuri.

Bayan wannan a saita saki a kimanin milimita 3, ana iya matsowa zuwa 2 a ɓangaren siraran sautuka inda tsirkiya ba ta kaɗawa da faɗi. Sakin da ya yi nisa yana kashe bugun hankali, wato marar ƙarfi, wanda ya matso da yawa kuma yana sa guduma ta manne ko ta yi bugu biyu.

Zurfin madanni kimanin milimita 10 ne, kuma ana daidaita shi da 'yan zobban takarda da ake sawa ƙarƙashin ulun gaba, wasunsu kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Abin lura a nan ba zurfin kansa ba ne, rarar da ke saura bayan saki ce, wajen milimita 1. Rarar nan ita ke ƙarasa fitar da jak daga hanyar gindin guduma. In ta yi kaɗan, guduma mai dawowa za ta bugi kan jak ta sake tsalle zuwa tsirkiya, ka ji sauti yana rawa. In ta yi yawa, an kori jak ya yi nisa da gida, kuma duk nisan da ya yi sai ya sake takowa. Mai neman sauri yana son jak ya kauce iyakar yadda zai tsira, kada ya ƙara ko taku ɗaya. Wasu fiyano ma suna da wata sanda mai ulu a bayan jak don tare shi kada ya zarce. Ita ma ana matso da ita.

Lissafin da ke ɗaure waɗannan duka shi ne guduma tana tafiya kimanin milimita 5 a duk milimita 1 na madanni. Ka rage nisan bugu da milimita biyu da rabi, ka sami rabin milimita a zurfin madanni da za ka iya yankewa. Madanni marar zurfi kuwa yana da gajeriyar hanyar dawowa. Wannan hanya ce ta gaskiya ta samun sauri, amma ba kyauta ba ce: gudumar da aka rage wa fili ba ta ɗebo ƙarfi kamar da, sautin ƙarfi zai ɗan ragu. A ƙaramin ɗaki ba za a ji asarar ba. A babban zaure za a ji.

Wurin da ya fi biyan wahala, a ganina, shi ne matari. Yawanci ana saita shi ya cafke guduma tana kimanin milimita 15 ko 16 daga tsirkiya. Idan aka lanƙwasa wayarsa ya cafke ta a 12 ko 13, to lokacin da yatsa ya ɗaga guduma tana can gaba, gindinta yana sama, jak ya sami tazarar da zai riga ta. Wato aikin hannun Érard ne ake ɗan kwaikwaya da abin da ake da shi. Iyakarsa ita ce idan aka zaƙe, wutsiyar guduma za ta goge matari tun tana tafiya gaba a bugu mai ƙarfi, ko kuma guduma ta ƙi kamuwa a bugun hankali. A kuma tuna cewa matari a kan gadon jak yake, don haka duk canjin zurfin madanni yana canja inda yake cafka. Shi ya sa ba a taɓa shi sai zurfi ya zauna.

Linzami ba ya son dogon bayani, amma yana yawan yin ɓarna a ɓoye. Idan ya yi tsauri, gado yana faɗuwa zai fizgo guduma tare da shi, ratar da muke ta nema ta rufe. Ana barinsa da ɗan sassauci, yadda ko an taka fedar hagu har ƙasa ba zai ɗaga gadon ba.

Akwai mai taimako da ba a cika lura da shi ba. Kowane makashin amo yana da sifirin mai danna shi a kan tsirkiya, kuma wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali a bayan gadon jak ne ke ɗaga shi, daidai lokacin da guduma ta kai rabin hanya. Idan an saki madanni, sifirin ɗin nan yana tura gado ya koma. Da zarar ka taka fedar dama, an ɗauke duk makasan amo, taimakon ya tafi. Shi ya sa fiyano zai iya yin kamar lafiyarsa ƙalau, sai an taka feda asirinsa ya tonu. Madannai wajen 20 na can sama ma ba su da makashin amo sam, da ƙarfin kansu suke dawowa.

Dalma ita ce ta ƙarshe da nake yarda a taɓa. Ana iya ƙara dalma a bayan madanni don ya dawo da ƙarfi, kuma yana aiki, sai dai duk giram ɗin da ya taimaka wajen tasowa yatsa ne zai biya shi wajen dannawa, ga kuma nauyin da sai an motsa shi gaba da baya a kowane bugu. Sau da yawa wanda ya yi gaggawar huda madanni ya cusa dalma, cijewa ce ya rufe da nauyi.

Inda sukurudireba ke tsayawa

Tsayin fiyano yana da ta cewa. Manya irin Yamaha U1 mai santimita 121 ko U3 mai 131 suna da cikakken inji zaune kai tsaye a kan dogayen madannai. 'Yan gajerun nan da ba su kai mita ɗaya ba kuwa, injinsu a ƙasan madannai yake rataye da wayoyi, madannan gajeru, gaɓoɓi sun ƙaru. Ana gyara su su yi kyau, amma ba za su yi tsere ba.

Wasu maƙera sun ƙi yarda da iyakar Wornum. A Amurka, Darrell Fandrich da Chris Trivelas sun fito a ƙarshen shekarun 1980 da injin tsaye mai sifirin tsakanin jak da gindin guduma, wanda ke tallafe guduma ya kuma mayar da jak tun madanni bai gama tasowa ba. A Jamus, Steingraeber na garin Bayreuth da kamfanin Seiler sun bi hanyar maganaɗisu, Sauter kuma ya ƙara wani sifirin a tsarinsa na R2. Dukkansu tambayar nan ɗaya suke amsawa, ta komawar jak. Amma waɗannan ƙira ce daga tushe, ba abin da za a ɗora wa kowane tsohon fiyano da rana ɗaya ba.

Shi ma mai kaɗawa yana da nasa kason. Hannun da ya saba da na kwance yakan zauna a ƙasan madanni yana ɗan girgiza shi, kuma na tsaye ba ya yafe wannan. Dole yatsa ya bar madanni ya taso, kuma sauya yatsu a kan sauti ɗaya, na uku, na biyu, babba, yana ba shi wannan damar ba tare da an yi tunani ba.

Kada a fara da madannai 88. A zaɓi uku, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama, a rubuta alƙalumansu na asali a takarda don a iya komawa, a yi musu duk abin da aka ambata, a bar maƙwabtansu yadda suke don kwatanci. Sannan a gwada su a yanayin da ya fi tsanani, wanda ba bugun ƙarfi ba ne, don da ƙarfi guduma tana tsalle da kanta ta buɗe wa jak hanya. A taka fedar dama, a buga ba da ƙarfi ba ko kaɗan, amma da sauri, da yatsa ɗaya. Idan ukun nan sun amsa kowane bugu ba shiru ba rawa, sai a ɗauki ma'auninsu a bi sauran 85 da shi.